Ambaliyar Littattafai a Fiji: Rabin Awa da Littafin Labari

A shekarar 1980 aka fara sauke kwalayen littattafai a wasu makarantun firamare takwas da ke karkarar Fiji, ƙasar tsibirai a kudancin Tekun Fasifik. Littattafan labarai ne na yara, masu hotuna, an rubuta su da Turanci. Kowane aji huɗu da kowane aji biyar a makarantun ya sami kimanin guda 250. Masu shirin suka raɗa masa sunan da ke nufin ambaliyar littattafai, kuma sunan bai yi ƙarya ba, domin makarantun karkarar ƙasar a lokacin ba su da wani abin kirki na karantawa in ban da littafin manhaja.

Yau fiye da shekara arba'in ke nan, amma duk inda aka zauna ana maganar laburaren makarantar firamare da darasin karatu, da wuya a tashi ba a ambaci wannan gwaji ba. Masu neman a gina ɗakin karatu suna kafa hujja da shi, masu rabon littattafai kyauta ma haka. Ni dai a ganina da yawansu rabin labarin suke ɗauka, wato adadin littattafan, su bar rabin da ya fi wuya. Shi ya sa ya kamata a bi lamarin daki-daki.

Yadda aka tarar da azuzuwan

Fiji ta sami 'yancin kai daga Birtaniya a 1970. Manyan al'ummunta biyu ne: 'yan asalin tsibiran masu magana da harshen Fiji, da jikokin Indiyawan da Turawa suka kwaso tsakanin 1879 da 1916 don aikin gonakin rake, masu magana da wani nau'in Hindi. Yaro yakan fara makaranta da harshen gidansu, ya koyi karatu da shi a shekaru uku na farko, yana ɗaukar Turanci a matsayin darasi. Daga aji huɗu sai a juya: Turanci ya zama harshen da ake koyar da komai da shi, lissafi da kimiyya da sauransu. Yaron ƙauye da ba ya jin Turanci a gida, ba ya jin sa a filin wasa, a nan jirginsa yake fara tangal-tangal.

Manhajar Turancin da ake bi a lokacin a Fiji da sauran tsibiran yankin ita ce wadda aka sani da sunan Tate, sunan matar da ta tsara ta, Gloria Tate, kuma Hukumar Kudancin Fasifik ce ke yaɗa ta. Tushen manhajar shi ne cewa harshe sabo ne na baki: malami ya faɗi jimla, yara su amsa, ya sauya kalma ɗaya, su sake amsawa, har tsarin jimlar ya zauna musu. Akwai ƙa'ida mai tsauri a ciki. Kada yaro ya ci karo da wata kalma ko wani ginin jimla a rubuce sai ya riga ya haddace shi da baki, don gudun kada ya saba da kuskure. Saboda haka littattafan karatun da ke rakiyar manhajar an tace su tas. Jimlolin daidai suke, nahawu ba aibu, sai dai ba labarin da zai sa yaro ya ƙagu ya buɗe shafi na gaba.

Kada a yi wa manhajar rashin adalci. An yi ta ne don malamin da shi kansa Turancinsa bai nuna sosai ba, ta ba shi abin faɗa daga farkon darasi zuwa ƙarshe. Amma sakamakon da ake gani a jarrabawa bai gamsar ba, kuma wannan ne ya sa Warwick Elley, masanin ilimi ɗan ƙasar Niyu Zilan da ke aiki a lokacin a Jami'ar Kudancin Fasifik a birnin Suva, da abokin aikinsa Francis Mangubhai, suka yi wata tambaya mai sauƙi. Idan aka ɗauke wani ɓangare na lokacin darasin Turanci aka ba wa karatun labarai masu daɗi, ba tare da tace kalmomin ba, yaran za su rikice kamar yadda manhajar ke tsoro, ko kuwa za su ƙaru?

Ba da ka suka yi tambayar ba. A ƙarshen shekarun 1970 wani malami mai suna Peter De'Ath ya jarraba koyar da karatu da labarai a ƙaramin tsibirin Niue, yaran suka zarce takwarorinsu na tsohon tsari. Sai dai Niue ƙarama ce ƙwarai, ana bukatar a gwada a wuri mai faɗi.

Tsarin gwajin

Makarantu goma sha biyu aka ɗauka, aka kasa su uku, huɗu-huɗu, bayan an yi wa yaran jarrabawar farko don a tabbatar rukunan ba su yi wa juna nisa ba. Takwas suka sami littattafai, yaransu 380. Huɗu suka ci gaba da manhajar Tate yadda suka saba, yaransu 234, da su za a kwatanta. Yaran 'yan shekara tara zuwa goma sha ɗaya ne. In ka raba lissafin, aji ɗaya bai wuce yara ashirin da 'yan kai ba, ke nan kowane yaro yana da kusan littafi goma a gabansa.

Abubuwa biyu a tsarin sun cancanci a lura da su. Na farko, ba a ƙara wa kowa lokacin Turanci ba. Minti 20 zuwa 30 na karatun labari a kullum daga cikin lokacin da ke jadawali aka yanko shi, don kada gobe a ce ai lokaci suka fi samu. Na biyu, ba a jibge littattafan rana ɗaya ba. Kashi-kashi aka riƙa kai su, wajen hamsin a lokaci guda, bayan 'yan makonni a kawo wasu, ta yadda kafin ɗokin na hannu ya huce, sabon kwali ya iso.

Makarantu takwas ɗin ma ba hanya ɗaya suka bi ba. Huɗu suka yi karatun tare, huɗu suka yi karatun zuci.

Karatun tare

Wannan hanya Don Holdaway ne ya fito da ita a Niyu Zilan. Ya lura cewa yaran da suke zuwa makaranta da shirin karatu su ne waɗanda ake karanta wa labari a gida, yaro na jingine da babba, idonsa a kan shafin, ana maimaita labari ɗaya har ya iya shi da ka. Sai ya nemi yadda za a kawo wannan zama cikin aji mai yara da yawa. Dabarar ita ce babban littafi, wanda aka kwafe labarin a manyan takardu da manyan baƙaƙe, yadda na bayan aji ma zai ga rubutun. Malaman wannan rukuni a Fiji an yi musu bita ta kwana uku kacal.

Ga yadda zaman yake gudana. Malama ta tara yara kusa da ita, ta ɗaga littafin, ta nuna bango. Ba ta fara karatu nan take. Sai ta tambaya: me kuke gani? Wane ne wannan? Me kuke tsammanin zai same shi? Yara su yi ta hasashe, wani ya dace, wani ya kauce, ba a cewa kowa ya yi kuskure. Daga nan ta fara karantawa da murya mai rai, tana bin kalmomin da yatsa ko ɗan tsinke. In ta zo wurin da labari ya ɗau zafi sai ta dakata, ta bar su su faɗi abin da zai biyo baya. In kalma baƙuwa ta fito, ta nuna hoto, ko ta kwaikwaya da jiki, ko ta yi gajeren bayani, ta wuce.

Washegari a sake ɗauko littafin nan dai. Yanzu yaran sun san inda labarin ya dosa, don haka kunnensu ya sami sararin kama kalmomi. Wuraren da ake maimaita magana, sai su riƙa amsawa tare da ita. Kwana na uku wasu sun fara karanta jimloli da kansu. Daga nan ayyuka su biyo: a raba matsayi a kwaikwayi labarin, a zana wurin da ya fi burge kowa a rubuta jimla a ƙarƙashi, a sauya ƙarshen labarin, a tsamo kalmomin da suka yi kama a duba su a allo. Bayan haka littafin ya koma inda yara za su iya ɗauka su karanta su kaɗai ko biyu-biyu.

Duba da kyau za ka ga maimaici bai ɓace ba. Manhajar Tate tana maimaita jimla, karatun tare ma yana maimaita jimla. Bambancin shi ne a nan yaron ne ke roƙon a sake, domin jimlar tana ɗauke da abin da ya dame shi: shin dabbar nan za ta tsira ko ba za ta tsira ba.

Karatun zuci

Wannan kuwa ba ta da wani dogon tsari, kuma malamanta ba su sami irin waccan bita ba. An shawarce su su baje littattafan inda ido zai gan su, su riƙa karanta wa yara wasu a bayyane don jan ra'ayi, sannan a ware lokaci kullum kowa ya zaɓi nasa ya karanta a zuci. Ƙa'idojin irin waɗanda Lyman Hunt da Robert McCracken suka yaɗa a Amurka ne: yaro ne ke zaɓa, ba a katse shi, ba a tambayarsa rahoto ko a yi masa jarrabawa a kan abin da ya karanta, kuma malami shi ma ya zauna da nasa littafin. Wannan ta ƙarshe ita ce aka fi karyawa a duk inda ake wannan tsari. Da yara sun yi shiru sai malami ya ga dama ta samu ta duba littattafan aiki ko cika rajista, su kuwa yara ba abin da ke wuce musu: sun gane cewa karatun nan aikin yara ne, manya suna da abin da ya fi shi.

Abin da jarrabawa ta nuna

Bayan wata takwas aka sake gwada yaran. A jarrabawar auna fahimtar karatu, an auna ci gaban da watanni, wato nawa ne yaro ya matsa idan aka kwatanta da abin da aka saba gani. A aji huɗu, 'yan tsohon tsari sun matsa da wata shida da rabi. 'Yan karatun tare wata goma sha biyar, 'yan karatun zuci su ma goma sha biyar. A aji biyar tazarar ta fi ban tsoro: 'yan tsohon tsari wata biyu da rabi kacal, 'yan karatun zuci wata tara, 'yan karatun tare goma sha biyar. A dunƙule, yaran da aka yi wa ambaliya sun ci gaba a fahimtar karatu da fahimtar sauraro da ninkin saurin da aka saba.

Adadin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata biyu da rabin nan. Yara sun yi wata takwas suna zuwa makaranta, malami yana shiga aji, ana bin manhaja shafi bayan shafi, ba yajin aiki ba komai, amma karatunsu kusan yana nan inda yake. Wanda ya leƙa ajin zai ji muryoyi suna tashi tare, ya ce karatu na tafiya.

A shekarar farko, fifikon ya fi fitowa a ɓangaren abin da yaro ke karɓa, karatu da sauraro. A rubutu da nahawu, musamman a aji biyar, bambancin bai taka kara ya karya ba, kuma da a nan aka tsaya, masu kare tsohon tsari suna da abin faɗa: labari na koyar da fahimta, amma ƙa'idar harshe sai da hadda. Sai aka ci gaba da shirin a 1981, yaran suna aji biyar da shida. Da aka gwada su bayan wata ashirin da farawa, tazarar ta ƙaru, kuma ta bazu zuwa kalmomi, nahawu da insha'i. Yaran da aka rage wa atisayen nahawu sun fi waɗanda suka dage a kansa iya nahawun. Waɗanda suka zauna jarrabawar ƙasa ta aji shida kuma sun yi fice ba a Turanci kaɗai ba, har da wasu darussa irin su lissafi, abin da ba zai ba da mamaki ba tunda da Turanci ake rubuta tambayoyin.

Wani abin kuma: zuwa ƙarshen shekara ta biyu, ratar da ke tsakanin karatun tare da karatun zuci ta kusa rufewa. Hanya mai bita da babban littafi da wasan kwaikwayo ta fi saurin tashi a aji biyar, amma ɗayar ta biyo ta a hankali. Wannan ya nuna cewa asirin yana cikin abin da hanyoyin biyu suka yi tarayya a kai: littafi mai daɗi, a hannun yaro, kowace rana, a lokacin da ba wanda zai ƙwace. Elley da Mangubhai sun wallafa sakamakon a 1983.

Me ya sa ya yi aiki?

Dalili na farko yawan harshen da ke shiga kan yaro ne. Littafin manhaja da aka tace yana ba shi 'yan jimloli a mako. Minti 100 zuwa 150 na labari a mako yana ba shi dubban kalmomi, kuma kalma ɗaya yana haɗuwa da ita a wurare dabam-dabam har ma'anarta ta zauna ba tare da an rubuta masa ita a allo ba. Wani bincike da Richard Anderson da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 1988 ya nuna girman wannan tazara tsakanin 'yan aji biyar: masu yawan karatu a gida, wajen minti 21 a rana, suna cin karo da kalmomi kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas a shekara, na can ƙasa kuwa kimanin dubu takwas. Keith Stanovich ya bayyana yadda abin ke juyawa: mai iya karatu yana jin daɗinsa, sai ya ƙara karantawa, sai ya ƙara iyawa, mai fama yana gudunsa, sai a ƙara barinsa a baya. Abin da aka yi a Fiji shi ne an hana yaron zaɓin gudu, ba da bulala ba, da labari.

Na biyu shi ne muryar malami. Elley ya koma kan wannan daga baya a Niyu Zilan, ya wallafa a 1989. An karanta wa yara 'yan shekara bakwai da takwas labari sau uku cikin mako guda, aka gwada su a kan baƙin kalmomin da ke ciki. Ba tare da wani bayani ba, sun ƙaru da kashi 15 cikin ɗari. Inda malami ya riƙa yin ɗan gajeren bayani yana wucewa, ƙaruwar ta kai kashi 40. Ke nan karanta wa yara labari a bayyane, wanda wasu shugabannin makarantu ke ɗauka a matsayin cike gurbi in malami ya gaji, darasin kalmomi ne cikakke.

Dalili na uku shi ne wanda aka fi mantawa, kuma a wurina shi ne ginshiƙi. Yaran Fiji ba sabbin shiga ba ne. Sun riga sun yi shekara uku suna karatu da harshen gida, sun san cewa baƙi yana wakiltar sauti, sun san yadda ake haɗa su. Abin da suka rasa shi ne Turanci da abin karantawa. Ambaliyar ta sauka ne a ƙasar da aka riga aka yi wa huɗa. Yaron da bai iya haɗa baƙi ba, ko ka kewaye shi da littafi dubu, hotuna zai kalla ya rufe. Irin wannan yaro yana bukatar a zaunar da shi a koya masa sautukan haruffa da tsari, ana karanta masa labari a gefe guda, kafin a sa ran karatun zuci ya amfane shi.

Inda ya kamata a yi hattara

Makarantu goma sha biyu ba su da yawa. Huɗu a kowane rukuni na nufin malami ɗaya mai himma, ko ɗaya mai sakaci, yana iya karkatar da sakamako. Akwai kuma ɗokin sabon abu: makarantar da baƙi ke ziyarta da kwalaye dole ta ji ta daban. Abin da ya rage ƙarfin wannan suka shi ne ɗoki yakan huce, amma tazarar Fiji ƙaruwa ta yi a shekara ta biyu. Sannan an maimaita irin shirin a wasu wurare. Singafo ta fara nata a 1985, ta haɗa karatun tare da ambaliyar littattafai a ƙananan azuzuwa, daga baya ta yaɗa shi a makarantunta. An yi a Siri Lanka da Afirka ta Kudu a shekarun 1990. A 1991 Elley ya tattara bincike tara na irin wannan shiri, kuma alƙiblarsu ɗaya.

A ɗaya gefen, kwamitin da majalisar dokokin Amurka ta sa aka kafa don duba binciken koyar da karatu ya ba da rahoto a 2000 cewa bai sami isasshiyar hujja ta gwaji da ke tabbatar da amfanin karatun zuci a aji ba. Bai ce ba shi da amfani ba, amma an daɗe ana jayayya a kan maganar. Ni abin da na ɗauka shi ne karatun zuci yana da sharuɗɗa, kuma shiru a aji ba shaida ba ne cewa ana karatu. Yaro na iya riƙe littafin da ya fi ƙarfinsa na rabin awa yana juya shafi.

Akwai kuma batun littattafan kansu. Yawancinsu daga ƙasashen waje aka sayo, domin na gida ba su wadata ba. Sun yi aikin da aka sa su, amma yaro ya cancanci ya ga irin rayuwarsa da harshensa a cikin littafi, kuma shirin da ya cika kanta da harshe na biyu kaɗai yana koya wa yaro wani darasi a ɓoye game da darajar harshen uwarsa.

Wuraren da littattafai suka iso, karatu bai iso ba

Hanya mafi kyau ta gane abin da Fiji ta yi daidai ita ce a dubi inda aka kawo littattafai abin bai yi ba.

A yammacin Kenya, a tsakiyar shekarun 1990, wata ƙungiyar agaji ta raba littattafan manhaja a makarantun karkara. Paul Glewwe da Michael Kremer da Sylvie Moulin suka bi sawu, suka tarar matsakaicin maki bai motsa ba. Yaran da suke kan gaba tun asali ne kawai suka ƙaru. Littattafan da Turanci suke, harshe na uku ga yawancin yaran, kuma an rubuta su a matakin da ya yi musu nisa.

A birnin Bangalo na Indiya, wata gidauniya ta kafa laburare a makarantun firamare na gwamnati, da littattafan da aka jera bisa matakin wahala, da mai kula da su, da lokacin ziyara. A takarda ba abin da ya rage. Da aka gwada yaran bayan wata goma sha shida, ba a ga wani bambanci a iya harshensu ba. Wannan sakamako ya kamata ya hana duk mai son laburare barci, ni ma ina cikinsu. Fahimtata ita ce ziyarar lokaci-lokaci zuwa wani ɗaki, a ari littafi a dawo da shi, ba ta kai nauyin rabin awa ta kowace rana a cikin aji tare da malamin da ya san yaran ba. A Fiji littattafan a aji suke zaune, kuma wanda ke koyar da Turancin shi ne ke buɗe su.

Filifin ta ba da misali na tsakiya. A lardin Tarlac an yi wa 'yan aji huɗu gasar karatu ta kwana 31: littattafai sittin a kowane aji, bita ta kwana biyu ga malamai, karatu da wasanni a kullum, da jadawali a bango inda ake nuna abin da kowa ya karanta. Makin karatu ya ɗan tashi. Bayan wata uku da ƙare gasar, kusan rabin ƙaruwar ya zube. Wata ɗaya ya motsa yaran, amma bai kai ya zame musu ɗabi'a ba. Ka tuna cewa a Fiji sai a shekara ta biyu amfanin ya kai ga rubutu.

Darasin laburare da aka saba gani a jadawalin firamare, sau ɗaya a mako, yana da nasa aikin. A nan yaro ke koyon yadda ake riƙe littafi, bambancin littafin labari da na bayani, yadda ake duba abin da ke ciki, yadda ake aro a mayar, da yadda zai gane littafin da ya yi daidai da shi, misali ya karanta shafi ɗaya yana lanƙwasa yatsa a kan kowace kalmar da ta gagare shi, in yatsu biyar suka ƙare ya nemi wani. Duk wannan yana da kyau. Sai dai share fage ne. In darasin ya ƙare a jera yara a kai su ɗaki su zauna shiru su fito, sauran kwana huɗu kuma ba littafin labari a aji, to an sami laburare irin na Bangalo. Mai kula da laburaren da ya fahimci lamarin Fiji zai fi ba da ƙarfinsa wajen cika kwali da littattafai talatin ko hamsin ya aika kowane aji, ya karɓo su bayan 'yan makonni ya musanya, ya kuma zauna da malamai ya nuna musu yadda ake karanta labari a bayyane.

Misalin Saliyo ya fi sauran ciwo. A 2008 gwamnati ta raba littattafan manhaja a makarantun firamare, masu bincike na Bankin Duniya suka biyo baya, suka tarar makin yara bai sauya ba. Da suka shiga makarantun sai suka ga dalili: littattafan da yawa suna ajiye a sito, ba su kai hannun yara ba. Abu mai sauƙi ne a zagi hedimastocin, amma binciken ya nuna waɗanda ba su da tabbacin za a sake kawo wasu su ne suka fi ɓoyewa. Mutumin da ya shekara da shekaru bai ga sabon littafi ba, ya san yara za su yaga, ya san mai duba makarantu zai zo ya ƙirga, lissafinsa ba na wauta ba ne. Yana tattalin abin da yake ganin ba zai sake samu ba.

A nan nake ganin wata fa'ida ta kai littattafai kashi-kashi da aka yi a Fiji, ko da masu shirin don ɗokin yara suka yi ta. Malamin da ya ga kwali na biyu ya iso, sannan na uku, ya daina jin tsoron bangon da ya yage da shafin da ya yi datti. Ya san in waɗannan sun tsufa a hannun yara, wasu suna hanya, don haka ya bar kabad a buɗe.